Tarihin sharhin fim a ƙasar Hausa, daga majigi zuwa wayar hannu

Maudu'inmu na wannan mako shi ne tarihin wata ɗabi'a da kusan kowannenmu yake da ita: a kalli fim, a tashi a hau gardama a kansa.

Talakan Arewa ya fara sanin fim ne ta hanyar majigi, motar gwamnatin Turawa da ke zagaya garuruwa da ƙauyuka tana haska finafinan wayar da kai a fili, irin su Baban Larai da aka yi kan noman auduga. Akwai mai bayani da lasifika, shi ke faɗa wa jama'a abin da suke gani da darasin da ake so su ɗauka. Ke nan sharhin farko daga bakin hukuma ya fito, mai kallo nasa sauraro.

A birni kuwa aka buɗe gidajen silima, irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937. A watan Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu, mutane da dama suka ɗauki abin a matsayin fushin Allah. Tun daga nan tambayar halas da haram ta riƙa shan gaban tambayar ko fim ya yi kyau.

Duk da haka jama'a ba su daina kallo ba. Da finafinan Indiya suka mamaye silima, 'yan kallon da ba su jin yaren sun samo hanyarsu ta yanke hukunci, wato laƙabi. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, daga baya Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Sharhi ne cikakke a kalma biyu ko huɗu.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Kaset ya kai fim ɗakunan matan aure, ya kai shi gidajen kallo har ƙauyukanmu na tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi irin su Dabawa, inda janareta ɗaya da talabijin ɗaya ke tara unguwa guda. Yanzu masu fim namu ne, harshen namu ne, sai gardamar ta ƙara zafi.

Rubutaccen sharhi ya biyo baya. Mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu, wadda daga cikinta sunan Kannywood ya fito, da mujallar Fim da Ibrahim Sheme, ɗan jihar Katsina, ya kafa a 1999, sun ba masu karatu filin wasiƙu. Koke biyu suka fi yawa: rawa da waƙa, da kwaikwayon labaran Indiya. A 2001 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya buɗe zauren Finafinan Hausa a Yahoo, gardamar ta hau intanet.

Kada mu ɗauka maganar 'yan kallo iska ce. A ƙarshen 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa bayan wa'azin malamai da ƙorafin da ya cika Facebook. Ko mutum ya ji daɗin waɗannan matakai ko bai ji ba, bakin jama'a ne ya jawo su, kuma sun taɓa abincin dubban mutane, daga mai ɗaukar hoto har mai sayar da kaset.

Yau kowa da lasifikarsa a aljihu. Kafin a gama haska Daɗin Kowa ko Labarina, an riga an yanke hukunci. To, tunda maganarmu tana da wannan nauyi, mu yi ta da hujja. In labari ya karye, a faɗi inda ya karye. In wata fitowa ta saɓa wa addini ko al'ada, a nuna ta, a kawo dalili. Zagin iyayen jaruma da tona asirin gidanta ba su taɓa gyara fim ko ɗaya ba, zunubi kawai suke ƙara wa mai yi.

Wane fim kuka kalla a makon nan, kuma wace fitowa ce ta burge ku ko ta ɓata muku rai? Allah Ya sa mu dace.