Dalilin da Ya Sa Manyan Birane Ke Sauya Suna

Jama'a, sunan babban birni ba ya sauyawa haka kawai. Galibi in mun ji an sauya shi, to mai mulki ne ke son a san zamani ya juya.

Mu ɗauki Njamena ta ƙasar Chadi. Iyayenmu da suka bi ta ƙasa zuwa Makka da Fotlami suka san ta. Faransawa ne suka raɗa mata sunan a 1900, don tunawa da hafsansu Lami, wanda ya mutu a yaƙin Kusuri, ranar da aka kashe Rabe. Sai a 1973 Shugaba Tambalbai ya tuɓe mata sunan Bature. Haka Mobutu ya yi a Kwango a 1966: birnin da ke ɗauke da sunan Sarki Leopold na Beljiyam ya koma Kinshasa, sunan wani ƙauye da Turawa suka tarar a wurin. Salisbury kuwa ta zama Harare a 1982, shekara biyu bayan 'yancin Zimbabuwe.

Amma fa ba Bature kaɗai ke liƙa wa gari sunan mutum ba. A Kazakistan an mayar da Astana Nur-Sultan a 2019 don girmama tsohon shugabansu Nazarbayev. Da tauraronsa ya dushe, a 2022 aka dawo da Astana.

To, abin lura a nan: sunan da aka sa don faranta wa mai iko rai, ramin ƙarya ne, ƙurarre. Wanda ya fito daga bakin mutanen gari shi ke daɗewa. Allah ya sa mu bar suna nagari.