Fartanya da Sandar Kiwo a Gaban Kotun Duniya

A ƙasar Ƙaraye da Rogo, in rigimar gona ta kai zauren dagaci, abin da ake fara tambaya shi ne wa ya sari dajin, wa ke nomawa, kuma me maƙwabtan gona suka sani. Shekarun da mutum ya yi yana huɗa a wuri hujja ce babba. Amma kowa ya san iyakarta, domin wanda aka ba aro ko jingina, ko ya shekara talatin yana girbi, ba ya bar wa 'ya'yansa gonar gado. To, irin wannan shari'a ce maƙwabtanmu biyu, Nijar da Benin, suka kai gaban Kotun Duniya da ke birnin Heg, a kan wani tsibiri a tsakiyar kogin Kwara.

Sunan tsibirin Lete, ko Lete Gungu, da yake su ma Dandawa gungu suke ce wa tsibiri, kamar mutanen Yawuri. Yana sama da garin Gaya ta Nijar, ba Gayarmu ta Kano ba, girmansa kuma ya kai wajen murabba'in kilomita 40. Fulani makiyaya daga gaɓar Nijar sun daɗe da kafa rugage a cikinsa saboda ɗanyar ciyawa da ruwa, manoman gaɓar Dahomi kuwa, wato Benin ta yau, suna ƙetarowa da kwalekwale su yi shuka. Muddin Faransa na mulkin gaɓoɓin biyu, rigimar ba ta wuce ta manomi da makiyayi ba. Da 'yanci ya matso sai ta zama ta ƙasa da ƙasa. A ƙarshen watan Yuni 1960 an yi arangama a tsibirin har aka rasa rayuka, sa'an nan a 1963 abin ya ƙazanta, Nijar ta kori 'yan Dahomi da ke aiki a ƙasarta. Sai a 2001 suka sa hannu a Kwatano cewa kotu ta raba su.

Mai karatu zai zaci za a tara tsofaffi a tambaye su kakan wa ya fara kafa turke ko ya fara saran shuka. Ba haka aka yi ba. Alƙalai suka ce abin da suke nema shi ne inda iyaka take ranar da Bature ya tafi, a watan Agusta 1960. Benin ta kawo dokar 1900 da wata wasiƙar 1954 daga mai riƙon gwamnan Nijar, tana cewa kogin duka nata ne har gaɓar hagu. Kotu ta duba, ta ce babu ɗaya daga cikinsu da ta shata iyaka. Da takarda ta gaza, sai aka koma ga wanda ya riƙe wurin a aikace.

Nan ne shanu suka shigo shari'a, amma ta bayan gida. Ranar 3 ga Yuli 1914 jami'in Faransa da ke Gaya, Sadoux, ya rubuta wa takwaransa na ɓangaren Dahomi wasiƙa, ya jera tsibiran kogin, ya nuna na kowa bisa babbar hanyar da jirgin ruwa ke bi. Ba don kafa iyakar ƙasa ya yi ba. Damuwarsa ita ce a san lokacin da za a ba Fulani takardar izinin kiwo, da kuma kotun gargajiyar da za ta saurari ƙararsu. Wannan 'yar wasiƙa ta ofis aka yi ta aiki da ita shekara arba'in, Gaya tana gudanar da Lete. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotu ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, ta ba Benin 9, ta kuma ce hukuncin bai taɓa haƙƙin da wani yake da shi na kansa a kan tsibiran ba. Wato ba kiwon Bafulatani ne ya ci shari'ar ba, ofishin da ke rubuta masa izini ne.

An riga an ga haka a kudancin Afirka. A shari'ar tsibirin Kasikili, ko Sedudu, a kogin Chobe, Namibiya ta dogara da cewa mutanenta Masubiya sun yi shekaru suna noma da kiwo a wurin. A Disamba 1999 kotu ta ce don cikinsu suka yi, ba da sunan wata hukuma ba, ta ba Botsuwana. A ganina akwai rashin tausayi a wannan ma'auni, don talakan da bai taɓa ganin taswira ba guminsa ne kaɗai shaidarsa. Sai dai kuma in noma na ba da ƙasa, duk wanda ya ba baƙo aron fadama ya shiga uku.

Mu ma abin ya faɗo a kanmu. Da Tafkin Chadi ya ja baya sanadin farin shekarun 1970 da 1980, masunta da manoma daga Nijeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, suka bi ruwa suka kafa Darak da ƙauyukan kewayenta. Wanda ya ga yadda masu noman rani ke bin bakin madatsar Challawa in ruwa ya janye ba zai yi mamaki ba. A nan hujjar Nijeriya ta ma fi ta Nijar kauri, domin ta nuna haraji, da makarantu, da asibitin sha-ka-tafi, da 'yan sanda, duk a ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ngala ta Jihar Borno. Amma a wannan karon akwai takarda, wato yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1919 da wadda ta tabbatar da ita a 1931. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ce inda akwai takarda, riƙo ba ya ture ta. A Disamba 2003 Nijeriya ta janye ma'aikatanta da jami'an tsaronta daga ƙauyuka sama da 30, Darak kuwa yau gunduma ce a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru.