WA KE BIYAN KUƊIN FENTI? WAIWAYE A KAN TARIHIN TALLAFA WA MASU KOYON ZANE A ƘASAR HAUSA

Gabatarwa

Ni mutumin Maƙera ne a ƙasar Dutsin-Ma, kuma mai karatu ya san kalmar maƙera ko dai masu ƙira take nufi, ko wurin da ake yin ta. Mahaifinmu maƙeri ne, ni ne kuwa na fara shiga jami'a a gidanmu. Ƙanena da ke bi mini Allah ya hore masa hannu. Tun yana zuga wa Baba wuta yake ɗaukar gawayi yana zana fartanya da garma a jikin bango, da ya tasa kuma ya koma zana masunta da jiragensu a madatsar ruwa ta Zobe. Ya sami gurbin koyon zane a wata babbar makaranta, aka sayar da rago aka biya kuɗin rajista. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, domin yana shiga aka miƙa masa jerin kayan aiki: fenti, da burushi, da takarda mai kauri, da ƙyallen zane, da yumɓu. Zango ɗaya ya yi ya dawo gida.

Ranar da ya dawo Baba ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi boko, gaya mini. Ni ban taɓa jin inda aka ce mai koyon ƙira ya zo da masabarsa da ƙarfensa ba." Na ce, "Baba, zan bincika." Wannan maƙala ita ce abin da na samo.

Kafin zuwan Turawa

A ƙasar Hausa ta dā, gida shi ne makarantar fasaha. Ɗan maƙeri, da ɗan baduku, da ɗan magini, da ɗan marini, kowa a gaban uba ko maigida yake koyo. Ci da sha da sutura suna wuyan maigida, haka ma kayan aiki, shi kuwa yaro da ƙarfinsa yake biya. In ya ƙware a yaye shi, sau da yawa har a haɗa masa kayan da zai kafa kansa. Haka almajiri mai hannu yake koyon zayyanar allo da ɗinkin hula a tsangaya ba tare da ya biya ko anini ba.

Bayan gida sai fada. Sarakuna da attajirai su ne masu sayen babban aiki, kamar rigar aska takwas, da kayan doki, da zanen bangon soro. Misalin da ya fi shahara shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, da ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Irin wannan gini ba ya yiwuwa sai da mai ciyar da magina da yaransu har a gama. Sai dai tsarin yana da nasa aibi, domin wanda ba a haife shi a gidan sana'a ba da ƙyar yake samun ƙofar shiga, ga kuma wasu sana'o'in da ake yi wa kallon raini.

Zamanin Turawa

Da Turawa suka ci ƙasa, Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, har da sashen koyon sana'o'in hannu a cikinta. Amma ba a daɗe ba hankalin hukuma ya karkata ga samar da malamai da ma'aikatan En'e. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 malaman makaranta aka kafa ta ta horar, kuma daga cikinta manyan 'yan bokon Arewa na farko suka fito, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Tun daga lokacin aka fara ɗaukar alƙalami a matsayin hanyar ɗaukaka, aikin hannu kuwa na wanda bai yi karatu ba.

Duk da haka akwai wani gwaji da ya kamata mu tsaya a kansa. A farkon shekarun 1950 gwamnati ta buɗe cibiyar koyon ginin tukwane a garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja, a ƙarƙashin wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tulunan wata Bagwariya mai suna Ladi Kwali, wadda ta koyi sana'ar a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce kuma mace ta farko a wurin. Cibiya ta ba ta wurin aiki, da yumɓu, da injin juya tukunya, da tanderun gashi mai tsananin zafi. Ita kuwa ba ta yar da abin da ta zo da shi daga Kwali ba: kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da kifi, su ta ci gaba da zanawa a jikin tukwanenta. An nuna aikinta a Landan, ta zaga Amurka a 1972, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi karatun boko ba. Ta rasu a 1984, daga baya aka sa hotonta a bayan takardar naira 20. Abin lura a nan shi ne hannaye biyu suka ɗaga ta, na fada da na gwamnati, amma fasahar daga gida ta fito.

'Yan tawayen Zariya

A 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane daga Ibadan aka kawo shi kwalejin da ke Zariya, wadda a 1962 ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Malaman galibi Turawa ne, manhajar ma ta Ingila ce. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke. Daga baya aka laƙaba musu 'yan tawayen Zariya. Tawayen nasu kuwa ba na jifa ba ne. Cewa suka yi za su karɓi dabarun Bature, amma abin da za su zana da salon da za su bi daga gida za su ɗauko.

Idan muka dubi rayuwarsu sai mu ga dalili. Uche Okeke a Kafanchan ya tashi, ya rasa mahaifi yana yaro, ya yi aikin akawu kafin ya zo Zariya. Mahaifiyarsa ta san zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wannan zane kuwa shi ya zama ginshiƙin aikinsa, har ya kafa shi a matsayin salon koyarwa a Jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa. Bruce Onobrakpeya ɗan masassaƙi ne daga ƙasar Urhobo. Malamin makaranta ne kafin ya shigo Zariya a 1957, kuma da kuɗin sikolashif na gwamnatin tarayya ya yi karatunsa. Tatsuniyoyin da ya ji yana yaro su suka cika ayyukansa. Akwai kuma tsaransu Jimo Akolo, mutumin Egbe a lardin Kabba na Jihar Arewa ta wancan lokaci, wanda wani malami Bature mai suna Dennis Duerden ya gano baiwarsa a kwalejin gwamnati ta Keffi. Makaɗan Hausa da mahaya dawaki na cikin abin da ya zana, daga baya kuma ya daɗe yana koyarwa a Zariya.

To, mai karatu ya sake duban waɗannan sunaye. A tsakiyar ƙasar Hausa aka yi wannan yunƙuri, tsakanin zankwaye da marina da dagin da ke jikin soraye, amma ba Bahaushe ko ɗaya a cikinsu. A ganina dalilai uku ne. Na farko, 'yan sakandare a Arewa kaɗan ne ƙwarai a lokacin. Na biyu, gwamnatin Sardauna, wadda Alhaji Isa Kaita ya riƙe mata ma'aikatar ilmi daga 1957 zuwa 1966, ta fi matsuwa da samar da 'yan Arewa da za su maye gurbin Turawa a ofisoshi da asibitoci da makarantu. Na uku, iyaye da yawa suna ƙyamar zana abu mai rai saboda addini, ba tare da an fahimtar da su cewa zayyana, da saƙa, da tukwane, da tsara gini, duk suna cikin wannan karatu ba.

Daga 1978 zuwa yau

Ɗaliban farko sun yi karatu a lokacin da hukuma ke ɗauke wa ɗalibi mafi yawan nauyi. Wannan gata ya fara zagwanyewa a 1978, sa'ad da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na kullum. Ɗalibai suka yi bore a faɗin ƙasa suna neman a cire kwamishinan ilmi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, aka kuma rasa rayuka a Legas da Zariya. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi. Wannan ya fi dukan ɗalibin zane a kan saura, domin fentinsa da burushinsa galibi daga waje ake shigo da su. Ni da nake karatun Hausa ina iya aron littafi in karanta in mayar, amma fenti in an shafa shi ya tafi ke nan.

A 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba ɗalibai rancen karatu ta hannun asusun NELFUND, wanda ya ƙunshi kuɗin makaranta da ɗan alawus na wata-wata. Abin a yaba ne. Sai dai rance sunansa rance, kuma ɗan talakan da bai taɓa ganin wanda ya ci abinci da zane a garinsu ba zai yi ta jin tsoron ɗaukar bashi a kansa.

Kammalawa

Amsar da zan kai wa Baba ita ce yana da gaskiya. Daga maƙera zuwa fadar Zazzau, daga cibiyar Abuja zuwa kwalejin Zariya, duk inda fasaha ta yi tashe za a tarar wani ya ɗauke wa mai koyo nauyin kayan aiki, ya kuma bar shi ya yi aiki da abin da ya taso ya gani.

Saboda haka ina da shawara uku. Masu ba da tallafin karatu, gwamnati ce ko attajirai ko ƙungiyoyin ci-gaban gari, su ware wani kaso musamman domin kayan aiki. Sassan koyar da zane su ƙara buɗe ƙofa ga kayan gida, irin su baba, da makuba, da jar ƙasa, da zige, da fatar jima, waɗanda ke da araha kuma yaranmu sun san su. Mu kuma 'yan ƙungiyar Hausa, da muke kashe kuɗi kowace shekara a kan bangon mujalla da adon dandalin Makon Hausa, me zai hana mu ba ɗalibai 'yan'uwanmu wannan aiki mu biya su? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙanena yana nan a Maƙera yana taya Baba ƙira, da yamma kuma yana rubuta allunan shaguna yana tara abin da ya samu, da niyyar sake neman gurbi baɗi. Allah ya cika masa buri, mu kuma ya sa mu dace, amin.