Kano zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru da Ta Koma ta Awanni



Kwanakin baya na raka gwaggona daga Ajingi zuwa sansanin alhazai a Kano. Muka bi ta Gaya, muka tsallake gadar Wudil. Ranar da jirginsu ya tashi da safe, kafin la'asar ta kira ni wai sun sauka Jidda. Sai na tuna ƙanin kakana, wanda ya bar ƙauyenmu da jakinsa da niyyar Makka, har yau ko kabarinsa ba mu sani ba.

To, wai nawa ne nisan? Daga Kano zuwa Jidda ta sama kimanin kilomita 3,400 ne, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. Ka bar Afirka ke nan, ka tsallaka Bahar Maliya, ka shiga Asiya.

Amma a da, ba da kilomita ake auna wannan hanya ba, da damina ake ƙirga ta. Mutum zai yi gabas ya ratsa Borno, ya shiga Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, sai Wadai, sai Darfur, sai Khartoum, har gaɓar teku a Sawakin, inda zai hau jirgin ruwa. Idan guzuri ya ƙare, a tsaya a yi ƙodago ko noma, a tara, a ƙara gaba. Shi ya sa kafin tafiya ake yafe juna, a bar wasiyya. Da yawa ba su dawo ba, suka zauna a Sudan. Garin Mai Wurno da ke can, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma har gobe ana Hausa a yankin.

Jirgin sama kuwa ya fara sauka Kano ne a watan Nuwamba 1925, jiragen sojan Ingila guda uku da suka taso daga Masar. A 1936 aka fara zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano. Sannu a hankali alhazai suka bar jaki da mota suka koma sama. Sai dai saman ma ta ci mutane. Ranar 22 ga Janairu 1973, jirgin da ya ɗebo alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Kada kuma ku ɗauka mun rabu da tsohuwar hanya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 aka rufe samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazanmu suka riƙa kewaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗinta ya ƙaru. Ashe ta kan sawun kakanninmu muke wucewa ba mu sani ba.

Ni abin da na lura shi ne, nisan yana nan, ma'aunin ne ya canza. Ƙanin kakana da ƙafa da shekaru ya biya. Gwaggona kuwa gona ta sayar, don kujerar hajji a 2025 ta haura naira miliyan takwas.

Idan a gidanku akwai wanda ya tafi Makka a ƙafa, ku tambayi tsofaffi tun suna raye, ku rubuto mana. Sai shiri na gaba, a huta lafiya.