Kishiya

Muna aji huɗu a firamare malamin Hausa ya tambaye mu, "Mece ce kishiyar fari?" Duk muka ɗaga murya muka ce baƙi, sai yarinya ɗaya da ta sunkuyar da kai. A makon ne aka yi wa mahaifiyarta amarya.

Daga "kishi" kalmar ta fito, kuma gidanta na asali gidan aure ne: kishiya ita ce matar da kuke miji ɗaya da ita, jam'inta kishiyoyi. Tana da zafi a baki, har ana yi mata kirari da mai ban haushi, ana ganinki kan zagi miji. Shi ya sa mata da yawa suka fi son cewa "abokiyar zama", musamman a gaban baƙi.

Daga tsakar gida ta shiga aji, ta zama sunan kowace kalma da ke tsaye gaba da gaba da wata: dare da rana, gaskiya da ƙarya, zafi da sanyi. Muna da "akasi", wadda muka aro daga Larabci, amma ita a nan juyawa kawai take nufi. Ni na fi ƙaunar kishiya, don tana nuna cewa abubuwan nan biyu rufi ɗaya suke kwana, tukunya ɗaya suke ci, girki ne kawai ake karɓa-karɓa.

Inda kalmar take ɗan gazawa shi ne, a aji kishiya ɗaya ake nema wa kowace kalma, alhali mace kan iya samun kishiyoyi har uku, ga shi kuma tsakanin zafi da sanyi akwai ɗumi, wanda malaminmu bai tambaye mu kishiyarsa ba.