Tartsatsin da ya ci jirgin Swissair 111

A daren 2 ga Satumba, 1998, jirgin saman kamfanin Swissair ƙirar MD-11 ya tashi daga New York zuwa Geneva ɗauke da mutum 229. Bai cika sa'a guda a sama ba, matuƙansa biyu suka ji wani baƙon wari a ɗakin tuƙi. Da farko sun zaci daga na'urar sanyaya iska yake fitowa. Da hayaƙi ya bayyana sai suka nemi izinin sauka, aka karkata su zuwa Halifax ta ƙasar Kanada. Jirgin na can sama ƙwarai, ga nauyin mai, don haka suka juya ta kan teku domin su rage tsayi su zubar da man. Kimanin minti 21 bayan jin warin, jirgin ya faɗa tekun Atlantika kusa da ƙauyen Peggy's Cove. Babu wanda ya tsira.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Kanada ta tarar da aiki ja a gabanta. Na'urorin nan biyu masu naɗar murya da bayanan tafiya sun daina aiki kusan minti shida kafin faɗuwar, saboda gobarar ta katse musu lantarki. Sai ya zama dole a nemi amsa a jikin tarkace. Daga zurfin mita 55 aka tsamo gutsattsari wajen miliyan biyu, wato kashi 98 cikin 100 na nauyin jirgin, aka sake harhaɗa gabansa a kan wani firam na ƙarfe.

Daga nan aka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Idan rigar waya ta kwaile har lantarki ya yi tsalle zuwa wani ƙarfe, zafin kan narkar da tagulla ya bar tabo. An sami irin wannan tabo a wayar da ke kai wuta ga na'urar nishaɗin fasinjoji, a cikin silin da ke saman ɗakin tuƙi, daidai inda aka yi imanin gobarar ta faro.

Amma tartsatsi shi kaɗai ba ya cin jirgi sai ya sami abin kamawa. Bargunan da aka shimfiɗa a jikin jirgin don tare sanyi da ƙara an lulluɓe su da wata leda mai ƙyalli da ake kira MPET. Ledar ta tsallake gwajin gobara na hukuma, alhali kuwa tana kamawa da wuta cikin sauƙi. Bugu da ƙari, babu na'urar gano hayaƙi ko ta kashe wuta a wannan ɓoyayyen wuri. Kafin matuƙan su gane abin da ke saman kawunansu, wutar ta riga ta yi nisa.

Rahoton ƙarshe ya fito a Maris 2003. Ya nuna cewa ko da matuƙan sun nufi Halifax kai tsaye, da wuya su sauka lafiya. Tun a shekarar 2000 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka ta ba da umarnin cire bargunan MPET daga ɗaruruwan jirage, daga baya kuma ta tsaurara gwajin. An kuma sauya ƙa'idar da matuƙa ke bi: idan hayaƙi ya tashi ba a san tushensa ba, a fara shirin sauka nan take, a nemi tushen a kan hanya.