DAJIN DA KE TSAKANINMU DA KATSINA, DA YADDA MAGABATA SUKA KWANA CIKINSA

 Yaranmu na lakkwal sun san sunan zaki da giwa daga littafi, amma in ka ce musu a ƙasar Maraɗi aka yi su, sai su yi dariya. Ga abin da tarihi ya riƙe bisa wannan magana.

Bayan Katsina ta faɗi hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri ƙarƙashin Mayaƙi. Tun daga nan mutane suka tattaru bakin Gulbi, Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa kusa kusa, don tsoron hari. Ƙasar da ke kudu da gabas ta zama kufai, gonaki suka koma kurmi. Sarakuna ba su so a sare wannan daji ba, don shi ne garkuwarsu: mahayan Maraɗi ta cikinsa suke bi su kai hari, su dawo su ɓace. Inda ɗan Adam ya janye kuwa, namun daji ke cikewa. Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa gefen dajin cikin watan Janairu 1851 daga Gazawa zuwa Katsina, ya wuce kangon Ɗankama, kuma tare da ayarin gishirin Abzinawa ya bi, don ba wanda ke shiga wurin shi kaɗai.

Fatake suna da dokar kwana a daji, kuma dokar ba ta wasa ba ce. Madugu ne ke zaɓen zango tun rana ba ta faɗi ba. Ba a sauka bakin tabki ko mashaya, ko da gajiya ta kai ina, domin da dare ruwan na dabbobi ne. A ɗebi ruwa a matsa nesa. A saro ƙaya a kewaye, jakuna da kaya a tsakiya, a hura wuta, a yi tsaro bi da bi. Ba a barin ƙashi ko jinin yanka kusa da shimfiɗa. Duk wannan saboda kura ne fiye da zaki. Ana yi mata ba'a cikin tatsuniya, amma kura tana ɗaukar wanda ya ware ya kwanta a gefe, musamman yaro, kuma haƙorinta na fasa ƙashin raƙumi. Mahalba kuwa, waɗanda ba su fita farauta sai an yi buɗin daji, sun san giwa ba ta gani sosai amma hancinta ba ya kuskure, sai su zubo ƙura daga hannu su ga inda iska ta nufa, su bi ta ƙasan iska. Ba sa shiga tsakanin uwa da ɗanta, ba sa bin ɓauna mai rauni cikin duhuwa. Wasu na cewa layu ne suka tsare su. Ni dai na lura duk mai layar da ya tsufa, yana kiyaye waɗannan ƙa'idodi.

Abin da ya ci dajin kowa ya sani: zaman lafiya bayan zuwan Nasara ya sa aka bar bakin Gulbi aka bazu neman gona, noman gyaɗa ya ƙara, bindiga ta yawaita, sannan fari na 1973 da na 1984 suka gama da saura. Guntun da ya rage shi ne Baban Rafi, kudu da Maraɗi wajen iyaka. A ƙarshen shekarun 1980 giwaye daga Najeriya sun riƙa shigowa can, suna ɓarnar hatsi, mutanen da ba su taɓa ganin giwa ba suka riƙa matsawa kallo kamar wasan kokowa. A arewa, gandun Gadabeji da aka keɓe a 1955 ya samu raƙuman dawa takwas da aka kai daga Kure a 2018, bayan da ƙidayar 1996 ta nuna 49 kaɗai suka rage a duk ƙasar Nijar.

Yanzu sai maganar da ta sa na rubuto. Samarinmu na kwana daji har gobe, masu saran itace, masu kiwo, masu gadin gona da kaka. Ba zaki zai same su ba. Kububuwa ce, ƴar ƙaramar nan mai ƙugi in ta goga jikinta, wadda ta fi kowane maciji kisa a ƙasashenmu. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum na iya tashi ya yi tafiyarsa yana cewa ya warke, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya ɓalle ta dasashi da fitsari. Shi ya sa tsaga wurin da aska ke ƙara masifa, ɗaure ƙafa tamau kuma na iya ruɓar da ita. A cire zobe da abin hannu, a hana shi tafiya, a ɗora shi bisa amalanke ko babur zuwa asibiti inda ake da allurar dafin maciji, a ranar, ba bayan an gwada mai magani kwana uku ba. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci.

Kafin haka, a share wurin kwana, a kwanta cikin gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kar a sa hannu cikin tarin kara ko ramin gafiya, kar a fita da dare ba cocila. Cizon kare ko dila kuwa, a wanke da ruwa da sabulu minti 15, a nemi allura tun ciwon bai nuna ba.

Dattawa, a cikin shekarun nan ƴan bindiga sun addabi yankin Madarumfa da dajin iyaka, saboda haka kar a bar yaro ya tafi kwanan daji shi kaɗai, kuma ya faɗi inda za shi da ranar dawowarsa. Ƴan uwa na bariki masu aiko da saƙo, ku haɗa da cocila da takalmin roba mai tsawo kafin damina ta faɗi.